Wahalar da Ba Alhaki Ba Ce

 

Sharhinmu na yau kan wasan kwaikwayo ne, kuma ina roƙon iyayenmu dattawa kada su murɗe tasha don sun ji an ambaci wasa. Akwai wasan da ba don dariya ake yin sa ba. Malaman adabi suna ce masa wasan ban-tausayi. A ciki ana nuna mutumin kirki yana iyakar ƙoƙarinsa, duniya kuma ta yi masa ɗaurin da ba ya kwancewa, har a tashi ba a kama ɓarawo ba, ba a ɗaura aure ba, ba a sasanta kowa ba. A ganina, mu mutanen ƙasar Zuru muna bukatar irin wannan wasa yanzu, kuma zan faɗi dalili.

Mu fara da abin da muka saba. Tun daga tashen yara a watan azumi, zuwa wasan da ɗalibai kan yi ranar rabon kyaututtuka, har zuwa rubutattun wasanninmu na Hausa, hanyar kusan ɗaya ce. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsafta. Shu'aibu Maƙarfi, a Jatau Na Kyallu, ya nuna attajirin da ya ƙi jin shawara kan auren da zai yi, har dukiyarsa ta salwanta. Umaru Ɗanjuma Katsina, a Kulɓa Na Ɓarna na 1979, ya nuna yadda mai kuɗi ke hure wa 'yar makaranta kunne. Waɗannan wasanni sun yi aiki, sun gyara gidaje, ba kuma raina su nake yi ba. Amma duk a kan harsashi guda aka gina su: wanda ya sha wuya, ko shi ya jawo wa kansa, ko kwaɗayinsa ya kai shi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan gaskiya ce, sai dai ba ita kaɗai ce gaskiyar duniya ba.

Ku tuna zaman makoki na ƙarshe da kuka je na wanda aka harbe a gona. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza sun zauna, kowa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ya muka ji da haƙuri?" Tsoho ya amsa, "Haƙuri sai mun gode Allah." An yi addu'a, an shafa. To ku tuna hirar da aka yi a hanyar komawa. Wani ya ce, "Ai an hana shi zuwa gonar nan ta bayan dutse." Wani ya ce, "Da ya ji magana da yanzu yana nan." Wani kuma ya sassauta murya ya ce, "Wa ya san abin da ke tsakaninsa da mutanen nan?" Bawan Allah kuwa rumbunsa ne ya yi ƙasa, damina ba ta jiran kowa, yara kuma ba su san dokar daji ba, tuwo suka sani. Ya tafi don ya ciyar da su, bai dawo ba. Ba mugunta ce ke sa mu wannan hira ba. Tsoro ne. Idan muka samo masa laifi, sai hankalinmu ya kwanta cewa mu da ba mu yi laifin ba, abin ba zai same mu ba. Matarsa kuwa tana jin ƙishin-ƙishin ɗin maganar, sai takabarta ta ninka nauyi.

Mutanen da suka fara ɗora wannan matsala a kan dandamali su ne Girkawa na birnin Atina, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Suna da biki duk shekara, inda dubban mutane kan zauna a gangaren tsauni, marubuta uku su yi gasa, 'yan wasa su rufe fuskokinsu, ga kuma 'yan amshi a gefe suna faɗin abin da ke zuciyar talakawan gari. Ɗaya daga cikin gwanayensu, Sofokilis, shi ya rubuta wasan Sarki Odifus.

Ga yadda labarin yake. An faɗa wa sarkin Tibis cewa ɗan da zai haifa shi zai kashe shi. Da aka haifi yaron, sai aka ba wani makiyayi ya jefar da shi a kan dutse. Makiyayin ya kasa, ya miƙa shi ga wani makiyayi na ƙasar Korinti, a can sarki ya ɗauke shi ɗa. Yaro ya girma, shi ma ya ji duban cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Saboda tsananin ƙyamar abin, ya bar Korinti ya ɗau alwashin ba zai ƙara ganin waɗanda ya ɗauka iyayensa ba. A wata mararraba ya yi faɗa da wani dattijo kan wa zai kauce wa wani, ya kashe shi. Ya isa Tibis, ya ceci garin daga wata masifa, mutane suka naɗa shi sarki suka ba shi matar sarkin da ya mutu. Gudun da ya yi, shi ya kai shi inda yake gudu.

Wasan yana farawa ne bayan shekaru, lokacin da annoba ta faɗa wa garin, aka ce ba za ta ɗauke ba sai an gano wanda ya kashe tsohon sarki. Odifus sarki ne mai son talakawansa, sai ya ɗaura ɗamarar bincike. Wani makahon dattijo ya gargaɗe shi ya bari, ya ƙi. Matarsa, da ta fara gano bakin zaren, ta roƙe shi ya bari, ya ƙi. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda aka kawo tsohon makiyayin nan gaban sarki. Ya tsufa, jikinsa na rawa, yana ta kauce wa tambaya, yana roƙon a ƙyale shi. Sarki ya sa a murɗe masa hannu ta baya. Sai da aka matsa masa sannan ya faɗi dalilin da ya hana shi kashe jaririn: tausayi ne ya kama shi. Jama'a, ku dubi wannan. Abin kirki ɗaya tak da aka yi wa jaririn nan a ranar, shi ne ya buɗe ƙofar duk abin da ya biyo baya. Sarkin kuma da ya nace sai ya ceci garinsa, nacin nan ne ya tona masa abin da ya sa ya tsone idanunsa da hannunsa. A nan wa za ka kama ka kai gaban alƙali?

Aristotal, wanda ya yi nazarin waɗannan wasanni daga baya, ya ce aikinsu shi ne su motsa tausayi da tsoro a zuciyar mai kallo har ta wanku. Tausayi, domin mutumin bai cancanci duk abin da ya same shi ba. Tsoro, domin mutum ne irinmu. Ya ce jarumin ba waliyyi ba ne, ba kuma mugu ba; kuskure yake yi irin wanda ɗan Adam kan yi, sakamakon kuma ya fi ƙarfin kuskuren nesa ba kusa ba. Waɗanda suka yi adabin Turanci a sakandare za su tuna da wannan labari a rigar Yarabawa, domin Ola Rotimi ya mayar da shi wasan The Gods Are Not to Blame, aka fara nuna shi a Ife a 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa.

Na san abin da malamanmu na masallaci da na coci za su ce, kuma suna da hujja. Girkawan nan gumaka suke bauta wa, allolinsu kuma a labaransu masu wasa da rayukan mutane ne. Mu ba haka muka yi imani ba. Mun yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, mun yarda Allah ba ya zaluntar bawa, mun yarda akwai ranar sakamako. Ba imaninsu nake cewa mu ara ba. Abin da nake cewa, sun tsaya sun kalli mai wahala ido da ido ba su yi gaggawar yanke masa hukunci ba, kuma wannan tun asali namu ne. Annabi Ayuba, wanda Musulmi da Kirista duk suka san labarinsa, ba laifi ya yi ba aka jarrabe shi. Annabi Yaƙubu ya yi kukan rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ba a kuma cire shi daga masu haƙuri ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. To daga ina muka samo wannan ɗabi'a ta cewa mai kuka bai yi tawakkali ba, mai wahala kuma alhaki ne ya kama shi?

Kuma ba sai mun je Girka ba. Muna da namu. A gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, wani matashin malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya aika da Shaihu Umar. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan dandamali, aka buga a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ya daɗe ba a ganin sa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a Jamus a 2018.

Yawancinmu idan aka ce Shaihu Umar, malamin muke tunawa, zaune a Rauta almajirai kewaye da shi yana ba su tarihinsa. Ni kuwa mahaifiyarsa nake so mu duba yau. Mijinta na farko ya rasu ya bar ta da maraya. Ta auri Makau, bafaden sarkin Kagara. Fadawa suka yi wa Makau hassada, suka ƙulla masa sharri bayan wani harin kamun bayi, sarki ya kore shi daga gari. Kafin ta bi mijinta, ta ce bari ta je Fatika ta gaida iyayenta, ta bar yaron a hannun amana. Wannan shi ne duk abin da ta yi: ta je sallama da iyaye, abin da kowace 'ya mai tarbiyya za ta yi. Kafin ta dawo an sace ɗanta.

Yaron ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya kai shi ƙasarsu, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa ta bar miji, ta bar gida, ta shiga duniya neman ɗa. A hanya aka yaudare ta, 'ya mai 'yanci ta koma baiwa. Aka ratsa Sahara da ita ta hanyar ayari har Murzuk da gaba, tana wucewa daga hannu zuwa hannu, ana azabtar da ita saboda ta ƙi sakin jiki, hankalinta na kan yaron. Shekaru suka shuɗe. Ranar da Allah ya haɗa su, shi ya zama cikakken mutum mai ilimi, ita kuwa wahala ta gama cinye ta. Ta gan shi, ta gane shi, ba a daɗe ba ta cika. Ba ta koma gida ba, ba ta ga jikoki ba, ba ta zauna a inuwar malantarsa ko na shekara guda ba. Shi ma a hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, ya rasa uban riƙonsa.

Mai son samo laifi zai iya cewa, ai gidan Makau da harin bayi yake ci, don haka alhaki ne ya biyo su. To amma wa ya biya? Matar da ba ta taɓa hawa doki ta kai hari ba, da yaron da bai san dama da hagu ba. Ɓalewa bai kawo wani dattijo a ƙarshe ya bayyana mana laifinta ba, domin babu. Ya bar mu da mace mai imani, mai haƙuri, wadda duniya ta ba ta abin da take nema a sa'ar da ba ta da sauran ƙarfin riƙe shi. Marubucin kansa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, a juyin mulkin Janairun 1966 aka kashe shi. Allah ya jiƙansa.

Da can ana karanta littafin nan kamar tarihin zamanin da ya wuce. Yanzu fa? Ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka shiga makarantar kimiyya ta Kagara a Jihar Neja aka kwashi ɗalibai da ma'aikata. Wata huɗu bayan haka, ranar 17 ga Yuni, aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, nan maƙwabtanmu, kuma wasu daga cikin 'yan matan sai da suka yi kusan shekara biyu a daji kafin su dawo. Iyayen da suka kai 'ya'yansu makaranta abin kirki suka yi, kamar yadda uwar Umar ta yi abin kirki da ta je Fatika. Yarinyar da ta dawo kuma, da wane ido gari zai dube ta? Wa zai zo neman aurenta? Me mata za su ce idan ta ba su baya a bakin rijiya? Mutanen da ba su taɓa ganin wasa ba sai wanda mai wahala ke da laifi, da wuya su san yadda za su karɓe ta. Ga kuma gidajen sojoji. Ƙasar Zuru ta daɗe tana ba Nijeriya soja, da wuya ka ƙirga gida goma ba ka samu mai kaki ba. Akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka faɗi a Borno suna tsaron garuruwan wasu, a daidai lokacin da nasu ƙauyen ke watsewa. Wane wasan faɗakarwa ne zai iya ɗaukar wannan?

Sai dai akwai hattara, kuma Girkawan ma sun ci karo da ita. Masanin tarihi Hirodotus ya ba da labarin wani marubuci, Firinikus, da ya shirya wasa kan faɗuwar birnin Milatus a hannun Farisa a shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen Milatus 'yan'uwan mutanen Atina ne, ciwon kuma bai warke ba. 'Yan kallo suka ɓarke da kuka, hukuma ta ci marubucin tarar dirakma 1,000, aka hana sake nuna wasan. Daga nan marubutansu suka fi karkata ga tsofaffin labarai da ƙasashe masu nisa, don mutum ya samu damar yin kukan kansa a kan labarin wani. Mu ma haka ya dace. Ba na goyon bayan a ɗauki abin da ya faru a ƙauyen wane bara a ɗora a dandamali da sunaye, uwar mamacin na zaune. Wannan fami ne. A ɗora Shaihu Umar, kowace uwa za ta gane tata.

Akwai abin da wani marubucinsu, Askilus, ya yi wanda ya fi wannan wuya. Shi soja ne, ya yi yaƙi da Farisawa a Maraton. A shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suka karya rundunar jiragen ruwan Farisa a Salamis. Shekara takwas bayan haka, a 472, ya kawo wasa kan wannan yaƙi, kuma shi ne wasan dandamali mafi tsufa da ya iso gare mu daga Girka. Bai nuna jaruman Atina suna kirari ba. Fadar Farisa ya nuna, da uwar sarkinsu, da dattawansu suna jiran labari, da manzon da ya zo yana lissafa sunayen matattu. Mutanen da Farisawa suka ƙone wa gari suka zauna suna kallon makokin abokan gabarsu. Ba ina neman uzuri ga ɗan bindiga ba ne. Wanda ya ɗauki makami ya faɗa wa ƙauye, hukunci ya dace da shi, nan duniya da gobe ƙiyama. Amma mun san a dajin nan namu akwai uwar da ke ruga wadda aka tare ɗanta a hanyar kasuwa aka kashe saboda kamanninsa kawai, kamar yadda akwai uwar da ke gari wadda aka kashe nata a kan kunya yana noma. Su biyun ba za su taɓa zama tabarma ɗaya a makoki ba. A dandamali ana iya tsayar da su kusa da juna, kuma ban san wani wuri da za a iya yin haka ba.

Tarihinmu ma cike yake da irin wannan kaya. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, Waziri Buhari kuma ya zaɓi zama da jama'ar da ba su iya tafiya ba. Kowannensu yana da hujja, kowannensu ya yi asara. Ahmed Yerima ya rubuta wasa mai suna Attahiru da Turanci, kuma ya kamata a ce ɗalibanmu suna jin sa da harshen da Attahirun ya yi magana da shi.

Kirana ga malaman Hausa da na adabi a makarantun sakandaren Mahuta da Zuru, da shugabannin matasan coci, da malaman Islamiyya masu shirya wasan walimar sauka. Wasan Shaihu Umar ba ya cin kuɗi. Fili ne, da tabarma, da riguna na aro, da yara goma sha masu murya da za su yi amshi. Bayan girbi, lokacin da ake hidimar Uhola mutane suna gida, ana iya yin sa da Hausa, a sa amshin da Dakarci ko Fakkanci don tsofaffi su ji a jikinsu. Roƙona biyu ne. Kada a raya mahaifiyar Umar don a faranta wa 'yan kallo, a bar ta ta rasu inda Ɓalewa ya bar ta. Kada kuma a fito da ɗalibi mai gemun auduga a ƙarshe ya jero darussa. Idan akwai mai magana, a bar 'yan kallo su yi ta da kansu a hanyar gida. Littafin yana hannun malaman Hausa da masu sayar da littattafai, kamfanin NNPC na Zariya ne ya buga shi. Duk makarantar da ta shirya, ta aiko mana da rana da wuri, za mu sanar a wannan fili.